Abin da Fata Ta Sha

Kayan sa rana ba su zo ba.

Inno, mahaifiyar Ummulkhairi, ta share tsakar gida, ta yayyafa ruwa, ta aro tabarmi a maƙwabta. Kawunnan Ummulkhairi suka zo da manyan riguna suka zauna a zaure tun hantsi har inuwa ta juya. Daga ƙarshe saƙon baki ne ya iso: Alhaji Hambali, mahaifin Taufiq mai neman aurenta, ya ce a dakata.

A Bunkure idan babban mutum ya ce a dakata, an fasa ke nan. Ladabi ne kawai ya hana shi kiran abin da sunansa.

Ummulkhairi ba ta ji saƙon ba. A fuskar mahaifiyarta ta karanta shi, domin kwanakin nan ba ta jin komai sosai. Wani ƙugi ne ya cika mata kunne, kamar an kunna injin ban-ruwa a cikin kanta an manta da shi.

Ta ɗaga madubi ta sake dubawa. Fatar goshinta da ta kumatu suna saɓa, suna zubowa kamar ɓawon albasa.

Ba Taufiq ne ya sa ta taɓa fuskar ba, wannan kam a yi masa adalci. Tun tana makarantar horon malamai ƙuraje suke fito mata, su tafi su bar baƙin tabo, bai taɓa cewa uffan ba. Gwaggonsa Tambaya ce, a wani gidan biki, ta ce fuskar yarinyar kamar fadamar da shanu suka tattake. Ta faɗa a hankali, irin hankalin da ake so a ji.

Da aka biya albashi Ummulkhairi ta shiga mota zuwa Kano, wurin wata likitar fata, Dakta Mansura. Likitar ta yi mata tambayoyi, sannan ta shafa mata wani ruwa mai suna salisilik. Ya yi raɗaɗi kamar barkono, ya bushe ya yi fari, aka wanke. Aka ce fatar sama za ta saɓe, sabuwa ta fito. Aka ce ta guji rana. Aka ce kuma idan ta ji jiri ko ƙara a kunne, ta dawo.

Cikin makon zazzaɓi ya kwantar da ita, kamar yadda yake kwantar da kowa a garin da ya kewaye kansa da gonakin shinkafa. Inno ta je kemis ta karɓo magani. Zazzaɓin ya fara sauka, kunne ya tashi.

A ranar Gwaggo Tambaya ta zo dubiya. Ta yi sallama, ta yi ta kira, shiru. Ta ɗaga labule ta ga fuska tana zuba, ta ga kuma yarinya tana kallonta kamar daga ƙetaren kogi. Ko ruwa ba ta tsaya sha ba. Kafin la'asar mata masu wanki a bakin kanal, magudanar ban-ruwan gonaki, sun san cewa amaryar Taufiq ta shafa guba don ta yi fari, gubar ta shiga jini ta kurmanta ta. Kafin magariba an ƙara da cewa ba za ta haihu ba, in ma ta haihu sai kurame.

Da wani ne ya ji wannan, da ya yi tsaki ya wuce. Alhaji Hambali bai yi tsaki ba. Babban ɗansa Lukmanu, yayan Taufiq, ya taɓa wuni yana yi wa tumatir feshin maganin ƙwari da tanki mai yoyo a bayansa, ba riga, yana dariya yana cewa sanyin ma daɗi gare shi. Bai sha ko ɗigo ba. Fata ce ta sha masa. Washegari aka yi jana'izarsa.

Tun daga ranar ba wanda ya isa ya gaya wa Alhaji Hambali cewa abin da aka shafa a waje yana tsayawa a waje.

*

Bayan la'asar Taufiq ya zo, da laka har gwiwa. Daga gona yake.

Ta fito zaure ta ja hijabi har bisa hanci, ta zauna can gefen tabarma.

"Ummu, ya jikin?"

"Na'am?"

Ya ɗaga murya. "Na ce ya jikin?"

"Da sauƙi."

Shekara biyu suna zance a wannan zauren da muryar da ko kazar gidan ba ta ji. Yau sai ga shi dole ya yi kamar mai kiran kwandon tumatir a kasuwar Kwanar Gafan. A bayan katanga wata maƙwabciya ta daina daka.

"Ki buɗe fuskarki in gani."

"A'a."

"Ni ne fa."

"Shi ya sa."

Ta ci gaba da magana, idonta a kan tabarma.

"Yaya Taufiq, ka bi maganar Baba. Bai yi laifi ba. Ya binne ɗa ɗaya, ba zai zuba ido ya ga jikokinsa sun zo da nakasa ba."

"Wa ya ce za su zo da nakasa? Gwaggo Tambaya? A wace makaranta ta karanta jini?"

"Ba ita ba ce." Hawaye ya gangaro ya taɓa sabuwar fatar, ta runtse ido don zafi. "Likitar ce da kanta ta ce min in na ji ƙara a kunne in koma. Ka ga ke nan ta san yana shiga. Ga shi na ji. Ban gaya wa kowa ba, ko Inno."

"Kin koma?"

"Ban koma ba."

"Don me?"

"Don kada ta ce haka ne."

Ta sa gefen hijabi ta danne idonta. "Ni na kai kaina. Ba wanda ya ja ni. Na so ranar da za a kai ni gidanku kada kowa ya kalle ka ya ce me ka gani. Yanzu ga shi na ba su abin kallo na gaske."

"Ni na ce miki ina son wata fuska?"

"Ba ka ce ba."

"To, wa za ki aura, ni ko gwaggona?"

Ta yi wata dariya mai haɗe da kuka. Amsar kowa ya san ta: a garin nan mace dangi take aure, mijin ƙari ne.

"Maharazu ya aiko," ta ce.

Taufiq ya gyara zama. Maharazu mai injin gyaran shinkafa ne a Kura, ya daɗe yana nemanta, ta daɗe tana ce masa a'a cikin ladabi.

"Ya ce me?"

"Ya ce wa kawu shi ko kurma ce yana so. Kawu ya ce in yi tunani, wai ba kullum ake samun mai irin wannan zuciyar ba."

"Maharazu? Shi da injinsa ya cinye masa kunne tun yaushe? Ai kun dace. Ku zauna kuna yi wa juna ihu har tsufa, unguwa ta huta da rediyo."

"Kada ka sa ni dariya, fuskata ja take yi."

"Kin amsa masa?"

"Na ce zan yi tunani."

Da ya sake magana bai ɗaga murya ba, amma ta ga bakinsa ta gane.

"Gobe za mu koma wurin likitar. In ta ce haka ne, mu ji tare. In ta ce ba haka ba ne, mu ji tare."

"In ta ce haka ne fa?"

"Sai in koyi magana da hannu."

Ya tashi ya tafi. A bayan katanga daka ta ci gaba.

Da safe Ummulkhairi ta shirya tana jiran babur ɗinsa ya kai su tasha. Sai Inno ta shigo da sauri tana gyara mayafi, ta matso daf da kunnenta. 'Yar fari ce, Inno ba ta faɗin sunanta.

"Ke 'yar nan, rufe jikinki da kyau. Ba shi kaɗai ba ne. Uban ne a mota."

*

Akori-kurar Alhaji Hambali warin tumatir take yi ko a tsakiyar damina. Shi ke tuƙi, Taufiq a gefensa, ita da Inno a kujerar baya. Ta durƙusa ta gaishe shi kafin ta shiga. Ya amsa yana kallon titi.

Abin da ya faɗa a dukan tafiyar, ga Inno ya faɗe shi: "Hajiya, ba don raini ba. Ina so in ji da kunnena. Yaran nan in suna son abu, abin da suke so suke ji."

Dakta Mansura ba ta yi mamakin ganin su huɗu ba. Ta sa aka ƙaro kujeru. Ta ce Ummulkhairi ta buɗe fuska. Ta buɗe, a gaban mutumin da ko sunansa ba ta iya kamawa, ta ji kamar ƙasa ta tsage. Alhaji ya kalla sau ɗaya ya kawar da kai.

Likitar ta juya fuskar dama da hagu a gaban taga.

"Wannan yadda ake so yake tafiya. Kada ki ɓare da hannu." Ta haska cikin kunnuwan, ta taɓa goshi. "Yaushe ƙarar ta fara? Ranar da aka shafa?"

"A'a. Bayan na yi zazzaɓi."

"Kin yi zazzaɓi? Me kika sha?"

Inno ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar leda, ragowar ƙwayoyi a ciki. Likitar ta duba, ta karanta abin da aka rubuta a jiki, sannan ta jingina da kujera.

"Da ɗaci?"

"Kamar maɗaci," in ji Inno.

"Kwinin ne. Maganin zazzaɓi ne na gaske, amma halinsa ke nan: ya sa kunne ƙugi, ya toshe ji, ya kawo jiri. In aka daina, ya saki. Zan sa a duba jininki, in canza miki wani. Cikin 'yan kwanaki za ki ji har gulmar da ba ki so ji ba."

Ummulkhairi ba ta kama duka ba. Ta kalli Taufiq. Ya matso ya faɗa da ƙarfi, har ma'aikaciyar da ke wucewa ta leƙo: "Maganin zazzaɓi ne! Zai warke!"

Ta sa fuska a tafin hannu, likitar ta ce ta cire hannun, ta cire, ta yi kukanta a buɗe. Inno tana ta hamdala, tana kuma kallon ledar kamar ta kama ɓarawo a ɗakinta.

Alhaji Hambali bai motsa ba.

"Likita, na ji na kunne. Ba shi ya kawo ni ba. Tambayata ɗaya ce, kuma ina so a amsa min ita kamar yadda na yi ta. Abin da kika shafa mata, ya shiga jini ko bai shiga ba?"

"Ya shiga, Baba."

Ummulkhairi ta ji wannan sarai, ƙugi bai tare shi ba. Taufiq ya buɗe baki, uban ya ɗaga masa yatsa.

"Na gode da ba ki yi min ƙarya ba," in ji Alhaji. Ya dafa gwiwa zai tashi. "Mu manoma mun sani. Akwai maganin da in ka fesa a ganye, sai ya bi jikin shuka har saiwa, har cikin 'ya'yan."

"Zauna tukuna, Baba. Da ka zauna ɗazu na ga ka riƙe ƙugu. Me kake sha masa?"

Ya dube ta, kamar zai ce ina ruwanta. Sannan ya laluba aljihun gaba ya fito da wani kati da ya lanƙwashe, rabinsa a huje.

"Asfirin. Biyu da safe in zan fita gona."

"Yau ka sha?"

"Na sha."

"To shi da abin da na shafa mata 'yan gida ɗaya ne. In asfirin ya shiga jiki, wannan sinadarin yake komawa. An auna jinin mutanen da aka shafa wa a fuska, aka auna na waɗanda suka haɗiyi irin biyun nan naka. Na masu shafawa ɗan kaɗan ne ƙwarai, ko kusa bai kama ƙafar na masu haɗiya ba. Wanda ya shiga jikinta tuni ya fita ta fitsari. A ɗakin nan yanzu, Baba, in ana neman mai salisilik a jini, kai ne."

Taufiq ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Kafaɗarsa tana rawa don dariyar da yake dannewa.

Alhaji ya juya katin a hannu. "To don me kika ce ta dawo in kunne ya yi ƙara?"

"Don in ya yi yawa a jiki alamarsa ke nan, kuma gara a dawo a banza da a zauna a gida. Yana yin yawa in aka laɓta shi a jiki duka, ko aka ɗaure aka bar shi ya daɗe, ko a jikin ƙaramin yaro. Ba na shafa wa mai ciki, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda asfirin ba ya karɓarsa. Duk na tambaye ta kafin in taɓa ta. Fuska kuwa tafin hannu nawa ce? Kuma ban bar shi ya wuni ba, na wanke."

"Ba maganin sa fari ba ne ke nan?" in ji Inno.

"A'a, Hajiya. Waɗancan mayukan da ake shafawa kullum shekara da shekaru, su ne nake faɗa da su. Wannan launinta zai bar mata. Tabon kawai zai rage."

Da Alhaji ya sake magana, muryarsa ta sauka har Ummulkhairi sai da ta bi leɓensa.

"Ina da yaro. Shi ma a fata ne."

Ya ba ta labarin a gajarce: tanki, yoyo, baya ba riga, wuni guda. Likitar ta ajiye biron hannunta.

"Allah ya jiƙansa. Baba, wancan guba ce da aka yi ta don ta kashe, ta jiƙa masa baya duka, cikin rana da gumi, tun safe. Ba ka yi kuskure ba da ka ce fata tana sha. Tana sha. Sai dai a tambaya me ta sha, kuma nawa."

"Ba wanda ya taɓa ce min haka," in ji shi. "Cewa aka yi kwanansa ne ya ƙare."

Haka mutane suke faɗa a gidan makoki. Gaskiya ce, kuma ita ce mafi arha.

Ya mayar da katin aljihu, ya gyara hula. Sai ya yi tambayar da ta rage masa, da fuskar da yake yi wa mai sayar da magani a kasuwa.

"Kowane feshi yana da kwanakin da ake jira kafin a ɗiba. Wannan fa? Sai yaushe... in Allah ya kawo rabo, ba abin da zai taɓa yaran?"

Inno ta ja mayafi ta rufe baki. Ummulkhairi ta so a ce kunnen ya ƙara toshewa.

"Kwanakin jiran sun wuce tun kafin ka taso daga Bunkure," in ji likitar, ba ta yi murmushi ba, wanda ya nuna tana da tarbiyya. "In ta samu ciki ta gaya min, mu dakata da shafawa, shi ke nan. Abin da nake tsoro yanzu ɗaya ne: rana. Fatar nan sabuwa ce. In rana ta dake ta, tabon zai dawo ya fi na da."

*

Suka fito da azahar. Rana ta Kano tana tsaye a tsakiyar ka, kuma ɓangaren da Ummulkhairi take zaune shi ne take bugawa ta gilashi. Ta karkata, ta ja hijabi, ba inuwa.

Suka wuce gadar Tamburawa. Taufiq yana satar kallonta ta madubin gefe. Ita kuwa tana sauraron ƙugin nan na kunnenta, a karon farko ba tare da tsoro ba, kamar baƙon da aka riga aka san ranar tafiyarsa.

Amma Alhaji bai ce komai game da kayan sa rana ba. Likita ta wanke jini. Ba ta da maganin girman kai. Mutumin da ya ce a dakata a gaban gari, ba a ɗakin asibiti yake janyewa ba. Ummulkhairi ta san wannan, ta kuma san kawunta yana jiran amsar da zai kai wa Maharazu.

Daf da Kura, inda kanal ya bi gefen titi, motar ta rage gudu ta tsaya. Alhaji ya fita ba bayani. Ya zagaya baya, ya ɗaga wani buhu, ya dawo da malafarsa ta gona, mai faɗi, gefenta ya fara zarewa, gumin shekaru ya rine cikinta. Duk wanda ya taɓa bin gonakin nan ya san ta daga nesa.

Bai miƙa wa Ummulkhairi ba. Ta taga ya miƙa wa Inno.

"Hajiya, ba wa surukata ta ɗora. An ce rana."

Inno ta karɓa da hannu biyu. Ta kalli 'yarta, ta kalli malafar.

"Ta ji kuwa?" in ji Alhaji.

"Na ji, Baba," in ji Ummulkhairi.

Ta ɗora ta bisa hijabi. Ta yi mata yawa, ta sauko har gira, tana warin ganyen tumatir. Ba amaryar da ta taɓa yin muni haka, kuma ba ta damu ba.

Alhaji ya shiga ya tayar da mota. Maimakon ya miƙe, sai ya karya kan motar ya shiga cikin Kura, ta layin masu injin shinkafa, a hankali, gilashi a sauke, yana ɗaga wa mutane hannu. Maharazu yana tsaye a ƙofar injinsa, fari fat da dusa. Ya ga motar, ya ga malafar, ya ga wadda take ƙarƙashinta. Ba ya ji sosai, amma idonsa lafiya lau.

"Baba, ba nan ce hanya ba," in ji Taufiq.

"Goro zan saya," in ji Alhaji Hambali. "Na jiya ya bushe. Kai kuma in mun isa, je ka ce wa gwaggonka Tambaya ta nemo mayafinta mai kyau. Ita za ta ɗauki kayan sa ranar a ka."